Bin Kogin Wudil Sama da Ƙasa: Dazuzzuka da Garuruwan da Muka Bari Ba Mu Gani Ba

Mutumin Darki ba baƙon hanya ba ne. Kasuwa ta koya mana tafiya tun muna yara: wannan ya bi motar hatsi zuwa Dawanau, wancan ya raka shanu daga karar Wudil har Legas, wani ya shekara da shekaru yana kai kayan gwari Fatakwal. Amma in ka zauna ka ƙirga, dalilan tafiyarmu ba su wuce huɗu ba: neman abinci, zumunci, jinya da ibada. Ka ce za ka cika mota da iyali ku tafi kallon tsuntsaye ko giwaye, sai a yi maka kallon wanda kuɗi suka yi wa yawa. Wani ma ya ce ai wannan sha'anin Turawa ne, ko na mutanen bakin teku.

Gaskiya mutanen bakin teku sun fi mu riƙon wannan al'ada. A Legas, ranar hutu iyalai kan yi layi a gandun Lekki don hawa wata gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka rataya a saman itatuwa. A kudancin Gana, motocin 'yan makaranta ba sa yankewa a dajin Kakum. Mu ba mu da teku, sai kogi. Ni kuwa da nake koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan ƙasar Wudil, abin da nake nanata wa ɗalibaina shi ne, kogin nan namu daji ne a kansa, fadama ce a ƙarshensa, kuma kowannensu mai mota zai isa cikin yini guda. Ga kuma titin da ya ratsa garinmu, wanda in ka bi shi ba ka gaji ba zai kai ka inda giwaye ke shan ruwa.

Ruwan da ke ƙarƙashin gada

Kowa ya san gadar Wudil, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar daga ina ruwan ya fito, ina kuma ya nufa. Koguna biyu ne suka haɗu kafin su iso mana. Kogin Kano yana tasowa daga tsaunukan kudu, can gefen tudun Jos, ya ratsa dajin Falgore, ya faɗa madatsar Tiga. Kogin Challawa yana zuwa daga yamma, shi ma an datse shi a ƙasar Ƙaraye tun 1992. Da suka gamu sai suka zama ruwa ɗaya, wanda mu muke kira Kogin Wudil, taswira kuwa take kira Kogin Haɗeja. Daga nan ya bi ta Ringim, ya wuce Haɗeja, ya bazu cikin fadamu, ya haɗu da ruwan Jama'are, ya zama Kogin Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar har ya zuba a Tafkin Chadi. Ɗigo ɗaya na ruwan nan ba ya zuwa teku.

Don haka yawon ma daga nan gida ya kamata ya fara. Ka je Wudil ranar Juma'a ba don ciniki ba. Ka shiga kara ka ware ido: ga farare masu matsakaicin ƙaho, ga jajayen Bororo masu ƙaho ya miƙe sama, ga bokolo masu laɓɓa da gajeren ƙaho, ga dillalai suna ta "albarka" da "sallama". Ka riƙe siffar tozon shanun nan a ranka, za mu neme ta a gaba. Sannan ka gangara bakin ruwa ka ga masu ɗiban yashi suna cika kwale-kwale har ya kusa nutsewa, da masunci kwance bisa gora yana tuƙi da hannu yana duba komarsa. Ka sayi soyayyen karfasa da yaji, ka tambayi masu kifin yadda ruwa yake kafin a yi Tiga. Tsofaffinsu za su ba ka darasin da babu shi a littafin aji uku.

Sama: Rano, Tiga da Falgore

Tafiya ta farko ta mai son ganin kan kogin ce: sai ya ratsa ta Garko da Kibiya ya ɓulla Rano. Gari ne da ya cancanci a kashe mota a taka da ƙafa. Yana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida shi da Kano aka ba sarautar baba, wato rini. Manyan duwatsu sun yi masa rakiya ta ko'ina, haka ma Rurum da ke gaba kaɗan, inda za ka ga dutse ya hau kan dutse ya zauna daram, ka rasa abin da ya riƙe shi.

Daga nan sai Tiga. An gama madatsar a 1974, aikin gwamnatin Audu Bako, kuma tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba, a nan zai fara gani. Ruwan nan ne ke bin magudanai zuwa Kadawa da Bunkure da Kura, shi ya sa muke cin ɗanyen tumatir da rani. Ina son ɗalibai su tsaya a kan bangon madatsar su dubi ɓangarorin biyu, ruwa maƙil ta nan, siririn kogi ta can, domin abin da za su gani a Haɗeja daga baya a wannan bango ya samo asali.

Kudu da Tiga dajin Falgore ya fara. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan Gandun Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a ƙarshen shekarun 1960. Faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomi uku: Tudun Wada, Doguwa da Sumaila. Titin Kano zuwa Jos ya raba shi. Da ka wuce Tudun Wada sai gonakin masara su ja baya, itatuwa su matso bakin kwalta. Mu da muka saba da gawo da kuka da darbejiya jefi-jefi cikin gona, a nan za mu ga yadda ƙasar Kano ta kudu take kafin gatari: doka, maje, marke, kirya, taura, kaɗanya, maɗaci a bakin rafi, kowanne ya sami sarari ya yi girman da Allah ya nufe shi da shi.

Kada a yaudari kowa. Tsofaffin maharban Sumaila da Doguwa suna ba da labarin ɓauna da gwanki da zaki a dajin nan, amma baƙon yau abin da zai fi gani jan biri ne da gwaggon biri a gefen titi, da zabin daji, da cilakowa, da burtu in ya yi sammako, gada ko mugun dawa in ya taki sa'a. Farauta ba ƙa'ida, da sarar itace, da kiwo ba iyaka sun cinye saura. Daga baya ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da dajin mafaka, har direbobin Jos suka riƙa rige-rigen tsallake shi kafin rana ta faɗi. A 2017 sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a ƙara gandaye 10 cikin jerin gandayen ƙasa, ciki har da Falgore, da fadamar Haɗeja, da dajin Kogo na Katsina. Amincewa a takarda mataki ne, amma ba ita ke hana itace faɗuwa ba.

Wanda ya tsallake dajin, kada ya juyo bai leƙa Riruwai ba. Tsohon garin haƙar kuza ne a cikin tsaunuka, ramukan haƙar da kufan gine-ginen kamfani suna nan. Da damina in hazo ya sauko kan duwatsun, ba ka cewa kana cikin Jihar Kano.

Ƙasa: Gaya, Haɗeja da fadamar tsuntsaye

Tafiya ta biyu da hunturu ake yin ta, tsakanin Disamba da Fabrairu. A bi ta Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran farko suka tashi suka zauna gindin Dala neman tama. A wuce Jahun da Kafin Hausa a sauka Haɗeja. Wannan gari ne da bai taɓa yarda a taka shi cikin sauƙi ba: Sarki Buhari ya yi shekaru yana ja da Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, a 1906 kuma Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya yi shahada tare da jarumansa a cikin garin. Haɗejawa za su nuna maka wuraren da aka gwabza ba tare da ka roƙa ba. A kasuwar kifinsu za ka ga banɗar tarwaɗa kwali-kwali ana lodi zuwa Kudu. Ba nisa kuma ga Garun Gabas, wato Biram ta cikin Hausa Bakwai, ƙaramin gari mai babban suna.

Gabas da Haɗeja ƙasa ta kwanta shamal, kogi ya rasa gaɓar da za ta riƙe shi, sai ya rarrabu cikin tafkuna da ƙoramu tsakanin tuddan yashi. Wannan ita ce fadamar Haɗeja da Nguru. Kusa da mu akwai Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, can gaba akwai tafkin Nguru, da Dagona a ƙasar Bade ta Jihar Yobe. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Baturiya da Dagona suka bi baya a 2008. Tun kafin nan, a 1989, Yarima Filip mijin Sarauniyar Ingila ya zo Dagona takanas don tsuntsaye.

Me ya kawo shi? Masana sun ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a fadamar nan. Ka shiga kwale-kwale da sanyin safiya, mai tuƙi ya tura da gora a hankali tsakanin bado da gabaruwar da ruwa ya ci rabinta. Kirinjijiya za su tashi garke guda suna fito. Ga dinya da nauyin jikinta, ga zalɓe tsaye ƙafa ɗaya, ga balbela fari fat a kan goriba, in rabonka ya rantse har gauraka ka gani da tukkunta. Cikinsu kuma akwai baƙi: ƙananan agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa waɗanda a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, in sanyi ya matsa musu su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su yada zango a nan har wajen watan Maris. Wani lokaci masunta kan tsinci ɗan zobe a ƙafar tsuntsu, da lamba da sunan wata ƙasa. Masu bincike ne suka sa, don su gane hanyar da yake bi. Mun san shamuwa mai zuwa da damina daga kudancin Afirka, har muna yi mata maraba. Waɗannan na hunturu sun fi ta nisan zango, ba mu ma san suna zuwa ba.

Fadamar ba ta tsuntsaye kaɗai ba ce. Sama da mutum miliyan 1 ke ci daga gare ta. In ruwa ya cika a kama kifi a shuka shinkafa, in ya janye a bi danshinsa da wake da alkama da tattasai, da rani Fulani su sauko da shanu. Duk wannan ya dogara ne ga ambaliyar shekara-shekara, ruwa ya zo da ƙarfi ya kuma tafi. Madatsun Tiga da Challawa, tare da farin shekarun 1970 da 1980, sun rage faɗin ƙasar da ruwa ke mamayewa da fiye da rabi. Sannan maimakon kogi ya ƙafe da rani yadda ya saba, sai ya zama ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Abin da kachala take so ke nan. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin jan baki mai wawushe shinkafa da gero.

Na tambayi wani dattijo da ya tuƙa ni da ɗalibaina a wajen Baturiya, na ce, "Baba, ina hanyar da kuke bi da can zuwa ƙauyen can?"

Ya nuna wani bangon ciyawa da ya fi mutum tsawo, ya ce, "Ga ta nan, Malam. Ai ku mutanen sama kuka riƙe ruwan, kuka aiko mana da wannan."

Da dariya ya faɗa, amma yaran da ke cikin jirgin sun gane, domin sun tsaya a kan bangon Tiga. Tumatirin Kadawa da kachalar Baturiya 'ya'yan madatsa ɗaya ne.

Hanyar Ningi: daga shanun dutse zuwa giwayen Yankari

Tafiya ta uku ita ce doguwa, kuma daga tashar Darki take farawa. Wanda ya tashi bayan sallar Asuba, in hanya ta yi kyau, zai yi La'asar a Yankari. Amma wanda ya yi haka ya yi asarar rabin tafiyar, gara a raba ta kwana biyu.

Takai ce farko. Muna wuce ta kullum, mun manta nan Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ya ja tunga da magoya bayansa a 1893, aka shiga Yaƙin Basasar Kano wanda ya ƙare da hawan Sarki Alu. Sai Kachako, sai Birnin Kudu. A bayan garin akwai duwatsu masu rumfa, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, waɗanda mutanen da suka riga Hausawan yau zama a wurin suka yi wa zanen shanu da jan launi. To, a nan za ka nemi tozon nan na karar Wudil. Yawancin shanun da ke jikin dutsen ba su da shi. Irin shanun da aka fara kiwo ke nan a wannan yanki kafin masu tozo su iso su mamaye. Kusa da zanen akwai duwatsun kiɗi, waɗanda in ka buga da ƙaramin dutse sai su yi amo irin na ƙarfe, ga gurabun bugun mutanen da sun lotsa a jikinsu. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A nemi mai gadin wurin, shi zai nuna hanya.

Daga Babaldu a karkata kudu zuwa Ningi. Tsaunukan da za su tare maka ido su ne suka ɓoye Malam Hamza da almajiransa lokacin da suka baro Tsakuwa a shekarun 1840 saboda rikicin haraji. Magadansa suka kafa daular da ta hana kudancin Kano barci shekaru da dama. Ganuwa da yawa a garuruwanmu na wannan yanki saboda Ningawa aka ƙarfafa ta. Ka dubi tsaunukan da idonka, za ka gane abin da ya sa dawakin Kano suka kasa hawa.

Gaba a Kafin Madaki akwai Gidan Madaki, ginin ƙasa na ƙarni na 19 da ake danganta wa Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya. Ka shiga soron ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo ya riƙe rufi ba ƙarfe ba siminti. A wannan ƙaramar hukuma ta Ganjuwa kuma akwai gandun Sumu, inda aka saki raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. A kwana a Bauchi, a ziyarci kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da safe a kama hanyar Gombe, a karya kwana a Dindima, sai ƙofar Yankari a Mainamaji.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a Disambar 1962. Ya zama gandun ƙasa a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, ya ninka Falgore fiye da sau biyu. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki tafiyar sama da kilomita 40 ce cikin daji zalla. Lokacin da ya fi dacewa daga Fabrairu ne zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, ruwa ya ƙafe ko'ina, dabbobi suka tattaru a Kogin Gaji. Ana fita kallo da safe da kuma yamma, a buɗaɗɗiyar mota, da ma'aikacin gandu. Gwambaza da mazo da mugun dawa kusan tabbas ne. Ɓauna, gwanki, kanki, dorina da kada sai an dace. Giwaye kuwa, garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, duk da haka ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, a dajin da ya fi wasu ƙananan hukumomi faɗi. Wani ya gan su a fitar farko, wani ya koma gida da hoton sawu da kashi. Zaki ya yi ƙaranci ƙwarai, kada a yi wa yara alkawarinsa.

Ko ba a ga giwa ba, Wikki ta biya kuɗin mota. Ruwa ne garai-garai mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kana hango farin yashin ƙasansa. Iyalin da ke son sutura su je da sassafe kafin jama'a su taru. A kula da gwaggon biri, don ya san leda ya san ƙofar da ba a kulle ba, kuma ba ya jin kunyar kowa. A cikin dajin akwai kogwanni 59 da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna ciki, ana kiransu da sunan Marshall, wanda ya bayyana su a 1980, ga kuma kufan matoyar tama. Dajin da muke gani ba kowa, da can garuruwa ne.

Abin da ido yake tsarewa

Wani zai ce, ana fama da abin sawa a baka, wa ke ta kallon gwambaza? Amsata ita ce, daji tamkar gida ne: wanda ake shiga ana fita shi ake yi wa yaɓe, wanda aka daina leƙawa kuwa kango yake zama, macizai da ɓarayi su gaje shi. Falgore da Yankari sun isa shaida. Yankari bai rasa matsala ba, amma saboda ana zuwa, akwai kuɗin ƙofa, akwai ma'aikata, akwai wanda zai yi magana in an kashe giwa. Tun da gwamnatin Bauchi ta haɗa hannu da ƙungiyar kare namun daji ta WCS aka tsananta sintiri a 2014, kisan giwaye don haure ya ragu sosai. Falgore da ƙafar baƙi ta ɗauke, kowa ya ga wanda ya maye gurbinsu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga fuska biyu na wannan al'amari. A yankin Kure, gabas da Yamai, raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ragu har saura 49 a 1996. Aka tsare su, 'yan ƙauyukan suka zama masu yi wa baƙi jagora suna samun na cefane, dabbobin suka hayayyafa suka haura 600. Sai a Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, baƙin waje suka ɗauke ƙafa. Darasin a fili yake: gandun da ya dogara ga Bature, harbi ɗaya ya isa ya rufe kasuwarsa. Baƙon da ke ɗorewa shi ne na gida, mai zuwa da motar haya daga Wudil ko Azare ko Gumel.

Kuma adalci ne kuɗinmu ya isa hannun waɗanda ke zaune a bakin dajin. Manomin Alkaleri, a bakin Yankari, da giwa ta tattake wa gona cikin dare ɗaya ba zai so ta don an ce ta yi ƙaranci a duniya ba. Zai haƙura da ita ne in ɗansa na cikin masu sintiri, matarsa na sayar wa baƙi ƙosai. Mu ma da hannunmu a ciki ta wata fuskar: buhunan gawayin da ke jere a bakin titin Ningi, kirya ce da marke, kuma a murhunan Kano da Wudil suke ƙarewa.

Shirin tafiya

Tsada ba ta kai yadda ake zato ba in an haɗa kai. Majalisa guda, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko malaman makaranta, su yi adashen wata uku su ɗauki shatar bas. Guzuri daga gida: dambu, ƙuli-ƙuli, soyayyen nama, ruwa mai yawa, buta da tabarma. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru. Kafin a tashi a tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, domin su ne ke da labarin jiya, kuma kada dare ya riski kowa a daji. Falgore ba a kutsa cikinsa sai da ma'aikatan gandu da sanin jami'an tsaro. In ba a samu ba, kallo daga bakin titi da tsayawa a Tiga sun wadatar.

In an isa ƙauye a fara da gaisuwa wurin dagaci ko bulama, a faɗi abin da ya kawo mutum. A yi ciniki da mai kwale-kwale kafin a shiga, kada a cika masa jirgi fiye da yadda ya ce. Ba a ɗaukar hoton matan mutane ba izini. Ba a ba biri abinci, ba a barin leda, ba a kunna waƙa a inda ake jiran dabba ta fito. A tafi da mata da 'yan mata, don su aka fi bari a baya a irin wannan fita, alhali su ke renon masu gadon dajin.

Aiki ɗaya nake ɗora wa kowane ɗalibi, kuma ina ba iyaye shawarar su ɗora wa 'ya'yansu: ya tafi da littafi da biro, ya dawo da sunan itace goma da tsuntsu goma, daga bakin maharbi ko masunci ko bafulatanin da ya tarar a can, tare da amfanin kowanne. Masu wannan sani tsufa suke yi, kuma ba su da magada da yawa. Yaron da ya iya bambance kirya da marke suna tsaye da ganyensu, gobe in ya zama kansila ko hakimi ko kwamishina aka kawo masa takardar yanka gandu a raba filaye, ya san abin da ake nema ya sa wa hannu.